Wuri, Kakan Kuɗi

Akwai wani ɗan ƙanƙanen abu wanda kusan kowane Bahaushe ya taɓa riƙewa a hannunsa, amma kaɗan ne suka san asalinsa. Abin nan shi ne wuri. Muna ganinsa a wuyan jariri, da jikin hular maharba, da bakin zabirar wanzami, da kan faifan masu duba. In aka tambayi yaro ko mene ne, sai ya ce dutse ne. In aka tambayi babba, sai ya ce kuɗin mutanen dā ne. Babban ya fi yaron kusa da gaskiya, amma shi ma bai kai ƙarshenta ba. Wuri dai gidan wata 'yar dabba ne ta cikin teku, 'yar'uwar dodon koɗin nan da mu ke gani da damina a bakin rafi da gindin shinge, wanda yara ke ɗaukar ƙoƙonsa su yi wasan katantanwa.

Ni mutumin ƙasar Faskari ne, kuma neman abinci ya sha kai ni kasuwannin Ƙanƙara da na Sabuwa. Duk ƙasashen nan uku suna nesa da teku, tsakaninmu da bakinta akwai fiye da mil 300. Kakanninmu ba su taɓa ganin dabbar nan da ranta ba, amma da gidanta suka biya sadaki, suka biya kuɗin ƙasa, suka sayi gishiri da kanwa da goro. To, abin da na ke so mu duba tare, ya kai mai karatu, shi ne yadda haka ta faru, da yadda ta ƙare, gama a ciki akwai abin lura ga duk wanda ke riƙe da takardar naira a yau.

Bari mu fara da dabbar kanta. Tana zaune ne a cikin ruwan teku mai ɗumi, inda babu zurfi, a ƙarƙashin duwatsu da tsakanin ciyayin ruwa. Abincinta gansakuka, tana bin dutse tana kankara a hankali. Sa'ad da ta ke ƙarama gidanta ba shi da kauri, kuma a murɗe ya ke kamar na dodon koɗinmu. In ta kusa gama girma sai leɓen gidan ya nannaɗe ciki, ya yi kauri, ya bar wata 'yar tsaga doguwa mai haƙora gefe da gefe. Wannan ita ce tsagar da mu ke gani a cikin wuri. Daga nan gidan ba ya ƙara tsawo. Dabbar tana da wata fata mai laushi wadda ta kan fito da ita ta tsagar nan, ta lulluɓe gidan duka kamar mayafi. Fatar nan ce ke zuba wa gidan irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai, tana kuma goge shi kullum. Shi ya sa wuri ke da santsi da ƙyalli ba tare da wani maƙeri ya taɓa shi ba. In macen ta yi ƙwai ta kan kwanta a kansu tana tsaronsu kamar kaza, har su ƙyanƙyashe, sa'an nan ruwa ya ɗebi 'ya'yan ya watsa su. Wani masanin halittu na ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus, wanda ya tsara sunayen dabbobi da itatuwa, ya sa mata suna a 1758. Sunan da ya zaɓa shi ne moneta, watau kuɗi da harshen Latin.

Wuri yana da dangi da yawa, har a tekunan arewa masu tsananin sanyi. A gaɓar Norwe da arewacin Sikotlan akwai wani ɗan ƙaramin dodon koɗi wanda masana ke kira Trivia arctica. Bai fi ƙwayar wake girma ba. In ka kifa shi za ka ga tsaga da haƙora kamar na wuri, sai dai bayansa yana da zane-zane masu tudu kamar kunyoyin gona, ba shi da santsi. Shi ba ya cin gansakuka, wasu 'yan halittu masu laushi da ke manne a jikin duwatsu su ya ke ci, kuma a cikin jikinsu ya ke haƙa ɗan rami ya ajiye ƙwansa. In ya mutu igiyar ruwa ta kan watso gidansa bisa rairayi, mutanen wurin su yi ta sunkuyawa cikin sanyi suna tsinta ɗai-ɗai. Suna da camfi cewa wanda ya ajiye guda a jakar kuɗinsa ba zai talauce ba. Amma duk da camfin nan babu mai kai shi kanti ya sayi burodi. Ga 'yan'uwa biyu masu kama da juna, ɗaya ya yi sarauta a kasuwannin duniya shekaru ɗaruruwa, ɗaya ya tsaya abin wasan yara. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wurin da kakanninmu suka fara sani ya fito ne daga tsibiran Maldif, waɗanda ke cikin tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya. Tsibiran ƙanana ne, sun fi 1,000, kuma mutanensu Musulmi ne tun ƙarni na 12. Tsakaninsu da mu akwai fiye da mil 4,000 a miƙe. Yadda su ke kama dabbar abu ne mai sauƙi. Su kan sare ganyen kwakwa su ɗaura dami-dami, su ajiye cikin ruwa marar zurfi. Bayan wani lokaci dabbobin nan sai su hau su manne. Sa'an nan a jawo damman a baje bisa rairayi a rana, ko a binne a rami, har naman ya ruɓe ya ƙare. Kana a wanke ƙoƙunan, a auna, a ɗura a jaka.

Wani shahararren matafiyi, Ibn Batuta mutumin Tanja ta ƙasar Maroko, ya zauna a tsibiran nan wajen 1343, har ya yi alƙalanci a can. Ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya. Bayan kamar shekara goma ya ƙetaro hamada ya zo ƙasar Mali, ya kai har Gawo a bakin Kwara, ya tarar da wurin nan dai ana ciniki da shi, amma a nan wuri 1,150 ne dinari ɗaya. Wanda ya iya lissafi ya raba ya gani, darajarsa ta ninka fiye da sau 300. Wurin bai canza kama ba a hanya. Nisa da wuyar samu su suka ɗaga shi.

Me ya sa mutane suka zaɓi wannan abu ya zama kuɗi? Dalilan a fili su ke. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ba ya tsatsa. Yana da wuyar fashewa. Kusan duk girmansa ɗaya ne, saboda haka ƙirge shi a ke yi, ba sai an nemi ma'auni ba. Da wuya a ƙera na jabu. Ga shi kuma ƙarami, har mai sayen daddawa ko ɗan gishirin miya yana da abin da zai miƙa. Mutanen Sin ma sun yi ciniki da shi tun zamani mai nisa, har alamar da su ke rubuta dukiya da ita ta samo asali daga hoton wuri. A ƙasar Gana kuwa, inda fatakenmu ke zuwa Gwanja sayen goro, sunan kuɗinsu na yanzu, watau sidi, daga sunan wuri aka ɗauko shi.

Da fari ta hamada wuri ke zuwa ƙasar baƙar fata, bisa raƙuma, kaɗan-kaɗan. Amma gab da shekara ta 1500 sai mutanen Fotugal suka gane hanyar kewaya Afirka da jirgin ruwa, daga baya mutanen Holan da na Ingila suka karɓe cinikin. Jirgin ruwa yana bukatar kaya masu nauyi a gindinsa don kada iska ta kifar da shi. Maimakon su zuba duwatsu, sai su zuba wuri. Su kai shi Amsitadam ko Landan, a jibge a rumbunan kaya cikin sanyin ƙasarsu, a yi gwanjonsa, kana a sake ɗora shi a wani jirgi a nufo gaɓar Afirka ta Yamma. Masana biyu da suka bi takardun 'yan kasuwan nan, Jan Hogendorn da Marion Johnson, sun nuna a littafinsu na 1986 cewa tsakanin 1700 da 1790 an kawo wuri wajen biliyan 10.

A nan dole mu tsaya mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Babban abin da jiragen nan ke saye da wuri shi ne mutane. A sauke buhunan ƙoƙon matacciyar dabba a bakin teku, a ɗora 'ya'yan mutane a madadinsu, a tafi da su Amurka, ba a ƙara jin labarinsu. Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sai an fassara mana zafin wannan ba, gama tun wajen 2019 mun ga yadda ɓarayin daji ke kama ɗan Adam su sa masa farashi kamar tunkiya. Duk sa'ad da aka ɗora kuɗi bisa ran mutum, ko wuri ne ko naira, to, an juya duniya kai a ƙasa. Allah ya raba mu da wannan masifa.

Daga bakin teku wuri ya yi ta hauhawa arewa ta ƙasar Yarabawa da ta Nufawa, hannu zuwa hannu, har ya iso ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar nan. Ya kuwa zauna daram, har ya shiga cikin harshenmu. Guda ɗaya shi ne wuri, in sun yi yawa su ne kuɗi. Watau duk sa'ad da ka ce kuɗi, ko kana nufin naira ko dala, sunan gidan dabbar nan ka kira. Har yanzu in mutum ya tsiyace sai a ce ba shi da ko wuri. In an kama marar gaskiya sai a ce ya yi wuri-wuri da ido. Wuri ɗari shi ne zangu, dubu kuwa zambar, shi ya sa a tatsuniya a ke cewa sarki ya ba da zambar ɗari. Wuri 20,000 a cikin jakar tabarma shi ne keso, kuma keso ɗaya kayan ƙato guda ne.

Wani Bature Bajamushe, Dokta Barth, wanda aka sani a ƙasashen nan da suna Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa da Katsina zuwa Kano a farkon 1851. Ya rubuta cewa a ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda a ke yi a bakin teku, sai dai a zube shi a ƙirga. Biyar-biyar a ke jan sa da yatsu, a tara tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000. A Tasawa ya ga an zauna an ƙirga 500,000, ya kuwa yi mamakin wahalar aikin. A Kano ya tarar wuri 2,500 ne liyari ɗaya, watau dalar azurfa. In ka yi lissafi za ka ga keso guda liyari 8 ke nan. Kayan da zai sa ƙato gumi daga Faskari zuwa Funtuwa, ga shi bai fi azurfa takwas da za ka dunƙule a tafin hannu ba.

Wannan nauyi shi ne aibin wuri na farko. Na biyu kuwa, wanda ya kashe shi, ya taso ne daga wajen 1845. 'Yan kasuwar Jamus na birnin Hambog suka gano akwai wani irin wuri a gaɓar Zanzibar, a Afirka ta Gabas, mai araha ƙwarai, kuma ga shi kusa. In kana da wuri a gida ka juya bayansa ka duba, in ka ga wani zobe ruwan ɗorawa ya kewaye shi, to, irin na Zanzibar ne. Suka gwada kawo shi, mutane suka karɓa. Shi ke nan, sai su da Faransawa suka shiga jido shi jirgi bayan jirgi suna sayen manja da shi. Cikin shekara kamar ashirin an zubo wuri wanda ya fi abin da aka kawo a ƙarnin da ya wuce gaba ɗaya.

To, ka lura da abin da ya biyo baya. Kuɗi sun yawaita, amma dawa da gero da tufafi ba su ƙaru ba. Mai hatsi ya ga kowa na da wuri, sai ya ƙara farashi. Abin da a ke saye da zangu ya koma sai da zangu biyu, daga nan uku. Wanda ya tara keso goma domin tsufansa ya wayi gari ya ga ba su kai darajar biyar ba, alhali ko wuri ɗaya ba a sace masa ba. Ga nauyi kuma yana nan, har ya ƙaru, don na Zanzibar ya fi na Maldif nauyi. Wani Bature mai suna Robinson, wanda ya zo Kano a ƙarshen 1894, daga baya ya rubuta ƙamus na Hausa, ya ba da labarin dokinsa da ya yi rashin lafiya a hanya. Ya so ya sayar, amma ya ga in an biya shi da wuri sai ya ɗauki 'yan alaro goma sha biyar su ɗauki kuɗin, kuma ladansu zai cinye kuɗin duka har ya bi shi bashi. Kuɗin da ba su iya biyan ladan mai ɗaukarsu, ai sun kusa mutuwa.

Turawan Ingila suka ci ƙasar nan a 1903. A 1904 aka hana shigo da wuri. Ba da daɗewa ba aka fito da kwabo da anini masu huda a tsaka, a 1912 kuma aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma. Tsofaffinmu sun tuna rabin kwabo sunansa ɗari, domin wuri ɗari a kan ba da a karɓe shi. Sannu a hankali hukuma ta ce da sule da kwabo za a biya haraji, kamfanonin sayen auduga da gyaɗa su ma da su su ke biya. Wuri ya ja da baya, ya koma hannun mata masu sayar da ƙuli-ƙuli da kayan miya a ƙauyuka, daga nan ya faɗa hannun 'yan caca da masu ado. Ba a yi shela rana ɗaya aka ce ya mutu ba. Yau wannan ya ƙi karɓa, gobe wancan ya ƙi, har aka wayi gari babu mai so.

Na ga ƙarshen labarin nan da idona ina yaro. Wata shekara da farkon damina kawuna yana huɗa da garmar shanu a wata gona kusa da wani tsohon kufai, ni ina jan shanun. Sai muka ji bakin garma ya bugi wani abu. Muka tona, sai ga tukunya an rufe bakinta da kasko, an liƙe da yumɓu. Gabana ya yi ta faɗuwa don murna, na ce mun yi arziki. Da ya fasa, sai wuri ya zubo fari fat, ko ɗaya bai lalace ba.

Na ce, "Kawu, nawa za a saya?"

Ya yi shiru yana juya su a hannu. Can ya ce, "Ɗana, ko tiyar dawa ba za a ba ka ba. Amma ka dubi yadda aka liƙe bakin tukunyar nan. Mai ita ya hana cikinsa, ya hana iyalinsa, ya tara. Da akuya ya saya, da yanzu jikokinta sun cika garin nan."

Muka kwashe muka kai gida, yara suka yi ta wasa da su har suka ɓace cikin ƙasa. Ban san mai tukunyar ba, ban san abin da ya hana shi komowa ba, ko yaƙi ne, ko yunwa, ko ajali. Amma na tabbata ba wawa ba ne. Ya yi abin da kowa ke yi a zamaninsa, ya amince da abin da kowa ya amince da shi.

Yanzu mu koma kan 'yan'uwan nan biyu, na ruwan ɗumi da na ruwan sanyi. Abin da ya raba su shi ne jama'a sun yarda da ɗaya, ba su yarda da ɗayan ba. Na karɓi wuri a hannunka na ba ka hatsina don na tabbata gobe mai gishiri zai karɓa a hannuna. Ashe kuɗi alkawari ne tsakanin mutane, alkawari kuwa kaya ne. Muddin ana cika shi, ƙoƙon dabba ma sai ya sayi doki. Ran da aka saɓa, ko tukunya guda gare ka ba ka da kome.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin mutanen dā ne. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo, naira biyu a bakin fam ɗaya. A 1977 aka fito da takardar naira 20 mai hoton Murtala, ita ce babba a lokacin, wanda ya riƙe ta kuwa ya riƙe kuɗi. Sai ga naira 50 a 1991, naira 100 a 1999, naira 200 a 2000, naira 500 a 2001, naira 1,000 a 2005. Me ya sa a ke ta ƙara girman takarda? Domin ƙananan sun daina sayen abin da su ke saye dā. Kwabo kuwa ya bi sawun wuri, yara da yawa ba su taɓa sayen kome da shi ba. Ciwon da ya kama wuri sa'ad da jiragen Zanzibar suka yawaita, shi ne ke kama takarda in ta yi yawa alhali kaya ba su ƙaru ba.

Mun kuma ga ɗaya gefen. A watan Oktoba 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar zai canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adi. Da shekarar 2023 ta kama, tsofaffin takardu aka fara ƙin karɓa, sababbi kuwa ba su wadata ba. A kwanakin nan na shiga wata kasuwa a ƙasar Sabuwa, na ga wani dattijo da damin tsofaffin takardu a aljihu yana yawo daga rumfa zuwa rumfa, babu mai sayar masa da magani. Na ga mai buhun masara yana roƙon a saya ko da an karya, don mai tsabar kuɗi a hannu ya zama sarki. Na ga mata suna musanya wake da manja kamar yadda a ke yi kafin zuwan wuri. Sai a watan Maris na shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, kana aka sami sauƙi. Takardar da dattijon nan ke riƙe da ita ba ta yage ba, hoton da ke jikinta bai goge ba. Yardar mutane kaɗai ta janye, sai ta zama kamar wurin cikin tukunya.

To, mene ne abin yi? Ba na cewa a ƙi kuɗi. Masu gidan rana dole ne, babu mai zaman duniya ba tare da su ba. Kuma babban nauyi yana kan hukuma, ita ce mai tsaron alkawarin nan, kada ta yawaita takarda fiye da kayan da ƙasa ke samarwa, kada kuma ta canza ta ba tare da ta ba mutanen karkara isasshen lokaci ba. Amma kai ma da ka sha wahala ka koyi karatu da rubutu, kana da makamin da mai tukunya bai samu ba.

Ka nemi ɗan littafi ka riƙa rubuta farashin tiyar masara da kaka, da farashinta da bazara, da na buhun taki, kowace shekara. Bayan shekara uku ko huɗu littafin zai faɗa maka abin da dillali ba zai faɗa ba. Ka daina auna arzikinka da yawan takarda, ka auna shi da kaya. Tambayar da ta dace ita ce, buhun masara nawa ne ya sayi buhun taki bara, nawa ne bana? Mai yiwuwa ne takardun hannunka sun fi na bara yawa, alhali abin da za su saya ya ragu. Kada ka kwashe amfanin gonarka duka ka kai kasuwa da kaka sa'ad da kowa ke sayarwa, ka bar na ci da na iri. Abin da ya yi saura kada ka binne shi, kada ka cusa shi a katifa shekara da shekaru. Ka mai da shi abin da ke haihuwa ko abin da ke aiki, ko tunkiya, ko keken ɗinki, ko kayan sana'a. In an yi sanarwa game da kuɗi, ka karanta da idonka, ka ga ranar da aka sa, kana ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya ba. In ka ba da bashi ko ka ci, a rubuta, a sa rana da shaidu.

Na sani wani zai ce, a ƙasarmu ai dabba ma ba ta tsira ba, rumbu ma an sha ƙone shi. Gaskiya ne, mutane da yawa sun kwana da garke sun tashi babu ko igiya. Saboda haka hikima ita ce kada a tara kome wuri guda, wani abu a rumbu, wani a turke, wani a banki. Mafi tsira duka kuwa shi ne abin da ka zuba a kan 'ya'yanka, maza da mata, na karatu da sana'a, da kuma sunan kirki da ka yi a cikin jama'a. A kwanakin ƙarancin kuɗin nan na 2023, mutumin da aka sani da cika alkawari bai kwana da yunwa ba, an ba shi hatsi da baki kawai, ya biya daga baya. Amanarsa ta yi masa aikin da takarda ta kasa.

Wuri ya yi wajen shekara ɗari biyu yana mulkin kasuwannin Hausa. Sule da fam ba su kai rabin haka ba. Naira ta haura shekara hamsin, Allah kaɗai ya san abin da jikokinmu za su ƙirga. Amma kowane irin kuɗi ya zo, a kan gona da sana'a da gaskiyar mutane zai tsaya. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa albarka a abin da mu ke nema, ya ba mu basirar riƙe shi. Amin.